Kafin ka yi wa tsohon DT fenti

Ɗan'uwa, ka samu tsohon Yamaha DT 125 da araha, irin mashin ɗin nan da kwalta da burji duk ɗaya ne a wurinsa. Madalla. Amma don Allah kar kuɗinka na farko su tafi wajen fenti da salansa mai ƙara.

Fara da birki da taya. Sannan bakanike ya buɗe inji, ya duba fistan da ringi. DT na shan man 2T. In famfon man nan ya mutu, injin zai ƙone kana tsakiyar daji, ba mai taimako. Ni dai gara in sayi gwanjo na asali a Ƙofar Ruwa da sabon jabu. In kuma mashin ba shi da takardu, bar wa mai shi kayansa, ko nawa ya rage maka.