Hazo daga Allah ne, hayaƙi kuwa daga mutum

Kowace shekara iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta lulluɓe Damagaram, Maraɗi, Tawa da Yamai. Babu gwamnatin da ke iya hana wannan. Amma hayaƙin itacen girki, da na tsofaffin motoci, da na ledar da ake ƙonawa a juji, aikin ɗan Adam ne.

Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin hayaƙin sukan kutsa huhu har su shiga jini. Baƙaƙen cikinsu kuma suna riƙe zafin rana, suna ƙara ɗumamar yanayi. Sai dai kwanaki kaɗan suke yi a sama, don haka rage su magani ne mai saurin ci.

Nijar ta rattaba hannu kan yarjejeniyar yanayi ta Paris ta 2015, matatar mai ta Damagaram kuma tana fitar da gaz tun 2011. To, don me mafi yawan gidaje ke girki da itace har yau? Wajibi ne hukuma ta sassauta farashin tukunyar gaz, ƴan kasuwa su kai ta karkara. Alkawarin da bai isa murhu ba, tatsuniya ce.