Dasa Itace Ba Wuya, Renonsa Ne Aiki

Duk mazaunin Ikko ya san cewa daga watan Fabrairu zuwa Afrilu barci kan gagara a unguwanni irin su Agege da Mushin da Ajegunle saboda tsananin zafi. Dalili kuwa a fili yake. Kwalta da siminti da kwanon rufi suna shan rana tun safe, in dare ya yi sai su riƙa amayar da zafin da suka tara. Itace kuwa yana tare rana kafin ta sauka ƙasa, ganyensa kuma yana fitar da laima wadda ke sanyaya iska. Shi ya sa Ikoyi, inda tsofaffin itatuwa suke, ta fi waɗancan unguwanni daɗin zama, ko da yake rana ɗaya ce ke dukansu.

Gwamnatin Jihar Ikko ba ta zauna haka nan ba. A shekarar 2008, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, aka ware ranar 14 ga Yuli ta kowace shekara domin dashen itatuwa, a 2011 kuma aka yi dokar kafa hukumar lambuna ta LASPARK, wadda sai da izininta ake sare itace. Wannan abin yabo ne. Amma fa Yuli tsakiyar damina ce, kowane dashe zai kama. Jarrabawar tana zuwa ne da rani, lokacin da manyan baƙi suka daɗe da watsewa, aka bar ɗan itace da ƙishirwa da awaki da masu faɗaɗa hanya.

Wasu birane sun gane wannan. A Medellin ta ƙasar Kolombiya, daga 2016 aka dasa itatuwa a gefen tituna da magudanan ruwa guda 30, aka koyar da talakawan gari aikin lambu, aka ɗauke su aiki, har hukumar birnin ta ba da labarin zafi ya ragu da wajen digiri 2. A Firitawun ta Saliyo kuwa, magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr ta fara shirin dasa itace miliyan ɗaya a 2020, ana biyan mutanen unguwa ladan ban-ruwa, suna ɗaukar hoton kowane itace da wayar hannu domin a tabbatar yana raye.

To, abin da ya kamata hukuma ta riƙa bayyana wa jama'a shi ne itace nawa suka kai shekara uku, kuma a wace unguwa. Ɗan dako da mai tura baro a kasuwar Mile 12 su suka fi kowa bukatar inuwa, don haka can ya kamata a fara. Shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa su ma suna da abin yi, ko da raba wa 'yan tireda itace ɗai-ɗai ne su kula da shi. Itace yakan ɗauki shekaru kafin ya yi inuwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.