Manhaja Ba Ginin Laka Ba Ce: Raddi Ga Masu Cewa Sai An Shata Komai Tun Farko

Na karanta maƙalar wani malami ɗan'uwanmu, inda ya gargaɗi ɗaliban kwamfuta na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero cewa kada su fara rubuta manhaja sai sun tattara dukkan buƙatu, sun zana fasali, sun sa hannu. Masu gina kaɗan su nuna wa mai aiki sannan su gyara, a ganinsa, ragwaye ne. Malam na gaba da ni a ilimi, amma hujjojinsa huɗu ba su tsaya ba.

Na farko, ya ce tun ran gini tun ran zane. Malam, ana gaggauta zane ne domin laka na bushewa. Manhaja ba ta bushewa. Wadda aka rubuta bara ana iya buɗe ta yau a sauya. Kwatancen ya rushe tun daga tushe.

Na biyu, ya jingina tsarinsa ga magabata. Wanda ake danganta wa wannan tsari shi ne Winston Royce, a maƙalarsa ta 1970. Duk wanda ya karanta ta ya san Royce ya zana matakan ne a jere, sannan ya yi kashedi cewa bin su sau ɗaya, tare da barin gwaji sai ƙarshe, hatsari ne. Shawararsa ita ce a gina abin sau biyu, a kuma jawo mai aikin cikin lamarin. Ke nan mutum 17 da suka haɗu a jihar Utah ta Amurka a Fabrairun 2001 suka fitar da sanarwar Agile, wato tsarin gina kaɗan a nuna wa mai aiki a gyara, ba su zo da bidi'a ba.

Na uku, ya ce mai aiki ya san abin da yake so, a tambaye shi kawai. A ɗauki dillalin albasa a Aliero. Ka tambaye shi, zai ce lissafin buhuna yake so. Sai ka ba shi manhajar ya yi kasuwa ɗaya da ita ne zai tuna da la'ada, da bashin da ake biya bayan mota ta dawo daga Kudu, da albasar da ta ruɓe a ajiya, da ranar da sabis zai ɗauke. Ba ɓoyewa ya yi ba, gani ne ya kori ji. Kuma wace takardar buƙatu da aka rufe a tsakiyar 2022 ta hango ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya tura 'yan kasuwar Jega da Maiyama ga tiransifa da masu POS?

Ko hukumar zaɓe a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, da duk shirinta, ta ga na'urar tantance katin zaɓe ta yi gardama a kan Shugaba Jonathan kansa a Otuoke ranar 28 ga Maris, 2015. Fili ne ke bayyana abin da takarda ta ɓoye, kuma a 2021 hukumar ta fito da na'urar BVAS a madadinta.

Na huɗu, ya ce shata komai na kare kuɗi. Hukumar FBI ta Amurka ta kashe kimanin dala miliyan 170 a kan manhajar ajiye bayanan bincike, ta yi watsi da ita a 2005. Magajiyarta, Sentinel, ta kammalu a 2012 bayan an koma gina ta gunduwa-gunduwa. Wanda ke nuna aiki duk mako biyu, in ya ɓata, asarar mako biyu ya yi.

Inda Malam ya yi gaskiya zan ba shi gaskiyarsa. Manhajar da ke tuƙa jirgin sama ko auna wa majiyyaci magani tana buƙatar dogon shiri da rubutacciyar hujja, domin ba a gwaji da rai. Haka ma inda doka ta riga ta kafe buƙatu. Amma yawancin ayyukan da ɗalibanmu za su samu na kasuwa ne da makaranta da ƙungiyoyin manoma, inda buƙata ke sauyawa daga kaka zuwa rani.

Don haka ina kira ga malamanmu: ku koyar da tsarin biyu, ku koya wa ɗalibi gane wanda ya dace da aikin da ke gabansa. Ku kuma tura shi kasuwar albasa da manhajarsa tun tana ɗanya, kafin ya kawo muku ita ku ba shi maki.