Mari ba magani ba ne

A garuruwanmu kowa ya san gidan da aka ɗaure wani a turke bayan ɗaki, kamar akuya. Magidanci ne, ko uwar ɗiya. In ka tambaya sai a ce maka: "Taɓin hankali ba shi da magani, sai mari." To, wa ya gwada ya gani? Ni na ce ba gaskiya ba ne, kuma ga shaida.

A shekarar 1952, a birnin Paris, lokotoro biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada maganin da ake kira Largactil a kan masu taɓin hankali. Mutanen da ke fisge-fisge suna jin muryoyi suka natsu, da yawa suka koma gida.

Wani zai ce wannan zancen Turawa ne. To, mu dawo kusa. A Ibadan ta Najeriya da Kumasi ta Gana, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun bi marasa lafiya 307 da ke hannun masu maganin gargajiya da masu addu'a. Aka raba wuraren kashi biyu da ƙuri'a, don kada a yi son kai. Kashi guda ma'aikatan lafiya suna zuwa da magani, suna aiki tare da mai wurin. Kashi guda aka bar su yadda suka saba. Bayan wata 6, waɗanda aka haɗa musu hannu biyu sun fi samun sauƙi. An buga sakamakon a 2020.

Amma ga abin kunya. A wani wurin addu'a a Gana an yi irin wannan gwaji da mutum 139, aka buga shi a 2018. Masu shan magani sun sami sauƙi cikin sati 6, amma kwanakin da suke yi cikin sarƙa ba su ragu ba. Ashe ba cuta ke ɗaura mari ba, mu ne: tsoronmu da gudun abin da maƙwabta za su ce.

Ba na ɓoye muku, maganin yana da nasa nauyi. Yakan sa barci, da sanƙarewar jiki, da rawar hannu. In haka ta faru a koma wajen lokotoro ya gyara, kada a daina sha da ka.

Ba mu ce a bar addu'a ba. Malam ya yi nasa, lokotoro ya yi nasa. Amma mai mara lafiya a gida ya kwance shi, ya kai shi likita. Wanda ke turke yau jiya shi ke noma gonar gidan, kuma ba wanda ya san wa gobe za ta taɓa.