Bindiga a ɗane cikin gari: wa muke karewa?

Yau zan taɓo abin da na san wasu ba za su ji daɗinsa ba, amma a yi min uzuri.

Ranar Talata da yamma na hau babur zan dawo gida Rawayya daga gona. A gabanmu akwai wani ɗan banga, yaro ne da na san babansa, ya rataya bindigar toka a baya, kunamarta a ɗane, bakinta na kallon ƙirjin mai ɗauke da ni. Duk ramin da babur ɗinsa ya faɗa sai gabana ya faɗi. Da muka tsaya na ce masa, "Ɗana, sauke kunamar nan mana." Ya yi dariya ya ce, "Baba, ɓarayin daji ba su sallama, kafin in ɗana sun gama da ni."

Wallahi ban ga laifin tsoronsa ba. Wanda ya kwana a Bunguɗu ko Tsafe a shekarun nan ya san mi ake nufi. Tsoron nan ne ya sa a watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga, shi ne kuma ya haifar da Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024. To amma tsoro daban, sanin makami daban.

Wani abokina da ke yawan kallon bidiyon Turawa ya ce ai a Amurka ma haka suke yawo da fistol a ɗane. Gaskiya ne, akwai irinta. Ƙaramar bindigar nan ta 1911 da John Browning ya ƙera, wadda sojan Amurka suka riƙe tun 1911 har 1985, ana ɗaukarta kunama a ɗane. Sai dai an gina ta ne don haka. Tana da makulli da babban yatsa ke turawa, ga wani a mariƙinta wanda ba ya sakin ta sai tafin hannu ya damƙe, sannan ana sa ta cikin kube da ke rufe wurin da yatsa ke ja. Kai, ko tsofaffin makiyayan Amurka masu Colt ta 1873 mai cin harsashi shida, biyar suke zubawa, su kwantar da kunama kan ramin da ba komai, don sun ga yadda take tashi in ta faɗi ƙasa.

Tamu fa? Maƙeri ne ya ƙera, Allah ya saka masa, amma abin da ke riƙe kunamar ɗan tsagi ne a jikin ƙarfe. Yau da gobe yana cinye shi, ga tsatsar damina, ga jijjigar babur. Ranar da ya suɓuce ba ya neman izinin yatsan kowa. Kuma kada wani ya ce to sai in kwantar da kunamar kan abin da ke tayar da wuta, in huta. Nan ma in ta bugu da dutse ko ƙarfen babur tana iya tashi. Tsofaffin maharbanmu sun san wannan, shi ya sa ba ka ganin maharbin kirki ya shigo gari da bindiga a shirye.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A bakin daji, lokacin sintiri, shugaban tawaga ya san sa'ar da za a ɗana. Amma cikin kasuwa, ƙofar masallaci, wurin biki, ko bisa babur da mutum a baya, a sauke kunama, a cire abin tayar da wutar ko harsashin a sa aljihu, baki ya kalli sama. Shugabannin 'yan banga su riƙa duba bindigogin yaransu kafin a fita, wadda tsaginta ya cinye a mayar wa maƙeri.

Yaron nan dai ya sauke tasa, yana ƙunƙuni. Gobe in Allah ya kai mu zan je in sami babansa.