Ma'aikacin duwan ba ɗan aike ba ne

Akwai wata gardama da ke yawan tashi tsakanin masu gyaran kwamfuta da mutanen da suke yi wa aiki, ƴan kasuwa ne ko ma'aikata, waɗanda suka ja intanet zuwa gida ko magaza. Mai gida ya sayi ruter, wato akwatin nan da ke karɓo intanet ya rarraba, ya duba bayansa ya ga ƙofofi 5 na jona waya. Sai mai gyara ya ce a ƙaro wata na'ura da ake kira suwic. Nan take mai gida ya ɗaure fuska: ga ƙofofi zaune banza, don me za a sake fidda kuɗi? Ai sai a haɗe su wuri guda, a yi musu abin da masana ke kira gada.

Ba rowa ce ta kawo wannan tambaya ba, tana bisa hanya. Sai dai amsarta tana cikin akwatin, inda ido ba ya kaiwa.

Aikin ruter kamar na ma'aikacin duwan ne a iyakar Ɗan Isa. Yana tsaye tsakanin gida da waje, duk ƙunshin saƙon da zai shiga ko zai fita sai ya duba takardunsa, ya rubuta a littafi, ya bar wani ya wuce, ya tsare wani. Da ƙwaƙwalwarsa yake wannan aiki, kuma ƙwaƙwalwar ƙaramin ruter ba ta da wani ƙarfin a zo a gani. Shi kuwa suwic ɗan aike ne na cikin gida, babu ruwansa da iyaka. Kowace na'ura tana da lambar da aka ba ta tun daga masana'anta. Suwic yana haddace lambar da ƙofar da take, ya miƙa saƙo kai tsaye ta wani ɗan guntun ƙarfe da aka ƙera domin wannan aiki kaɗai. Shi ya sa kowace ƙofa take iya ɗaukar megabit 1000 a daƙiƙa, dukansu a lokaci guda. Asali ma suwic gada ce mai ƙofofi da yawa, wadda kamfanin Kalpana na Amurka ya fara fitarwa kasuwa wajen 1990.

To idan aka haɗe ƙofofin ruter da gada, an mai da ma'aikacin duwan ɗan aike ke nan. Saƙon da zai tashi daga ɗaki zuwa zaure, wanda bai da abin yi a iyaka, tilas ya bi ta teburinsa. Muddin aikin ƙarami ne, kamar tura takarda zuwa na'urar bugawa, ba mai lura. Amma a ɗauki mai ɗakin hoto da ke kwashe bidiyon biki mai gigabait 10 daga wata kwamfuta zuwa wata. Ta suwic, abin bai wuce minti biyu ba. Ta gadar ƙaramin ruter yana iya jan lokaci, kuma cikin wannan lokaci intanet ɗin kowa sai ya yi nauyi, a shiga zagin kamfanin sadarwa alhali kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. Bugu da ƙari, duk sa'ad da aka kashe ruter aka kunna, na'urorin gidan suna yanke hulɗa da juna, har da kamarorin tsaron magaza da akwatin da ke naɗar hotunansu. Da suwic ne a tsakaninsu, da sun ci gaba da aikinsu. Ga ɗan kasuwa, wannan ya fi maganar sauri muhimmanci.

Sai dai fa mai gyara ba kullum yake da gaskiya ba. Yawancin akwatunan da ake sayarwa domin gida suna da suwic a cikinsu tun asali, a bayan ƙofofin nan huɗu masu launi ɗaya; mai irin wannan ya jona wayoyinsa kawai. Na'urorin MikroTik kuma, na kamfanin birnin Riga a ƙasar Latbiya, waɗanda masu sayar da wifi a unguwanni suka sani sarai, tun daga 2017 suna iya sauke aikin gada bisa guntun suwic da ke cikinsu. Alamar ita ce harafin H da ke fitowa gefen sunan ƙofa. Mai gida ya nemi a nuna masa wannan harafi kafin ya biya ko dala. Inda gada ta fi zama wahala shi ne ƙananan kwamfutocin da ake mayarwa ruter da pfSense ko OPNsense, domin kowace ƙofa a nan zaman kanta take.

Suwic mai ƙofa 8 bai kai kuɗin wayar Android mafi araha ba, wutar da yake sha kuma ba ta wuce ta ƙaramin ƙwan fitila ba, amma yana son nasa gurbin a jikin batirin ajiya, in ba haka ba ɗaukewar kuran za ta kashe shi ta bar ruter. Yana kuma da rauni guda. A 1985 wata injiniya mai suna Radia Perlman ta ƙirƙiro dabarar da ke hana saƙo zagayawa ba iyaka idan hanya ta koma kanta, amma yawancin masu arahar ba su da ita. Yaro ya tsinci waya ɗaya ya cusa bakinta biyu cikin suwic guda, sai fitilu duka su kama ƙyaftawa tare, gidan gaba ɗaya ya tsaya cik har a gano wayar a zare ta.