Mai Fili, Mai Mai, Mai Busa Usur

Akwai wani fim ɗin katun da ƙannenmu suka haddace, mu kuwa manya mukan wuce muna yi masa kallon wasan yara. Sunansa Cars 2, kamfanin Pixar na Amurka ne ya fito da shi a 2011, 'yan wasansa duka motoci ne masu ido da baki. Mun ba shi fili a wannan mujalla saboda mugun da ke cikinsa, domin irinsa muke nema ido rufe duk sa'ad da buhun sukari ya tashi a Kasuwar Singa, kuma sau da yawa inda ba ya nan muke nemansa.

Sunan mugun Sir Miles Axlerod, hamshaƙin attajirin man fetur wanda ya shelanta wa duniya cewa ya tuba, har ya mai da kansa mota mai aiki da lantarki. Ya fito da wani sabon mai, Allinol, ya ce ba ya gurɓata iska, sa'an nan ya shirya gagarumin tsere a Japan da Italiya da Ingila don a ga ingancinsa. Ana cikin tsere sai injunan motoci suka riƙa kamawa da wuta. Ashe yaransa ne ke harba musu wani haske daga na'urar da aka ɓad da kamanninta ta zama kyamarar talabijin, don duniya ta tsorata da sabon mai ta koma wa fetur, alhali shi da abokansa sun riga sun mallaki rijiyoyin da ba a taɓa ba. Watau fili nasa, mai nasa, usur ma a bakinsa yake. Direbobi na ta zufa a kan kwalta, shi kuwa ya ci tseren tun ba a fara ba.

To, mu dawo gida. Wanda ya taɓa kutsawa Singa, can tsakanin Fagge da Sabon Gari, ya san ba a shigarta da farar riga. Tireloli na sauke kaya, 'yan dako na gudu da buhu a ka, katan-katan na taliya da madara da sabulu sun kai rufi, ga 'yan sari daga Katsina da Haɗeja, har da Maraɗi da Damagaram. Da azumi ya ƙarato farashi ya motsa, sai gari ya ɗauka: 'yan Singa sun ɓoye kaya. Mu ma a ɗakunan kwananmu, da kuɗin makaranta ya ƙi kai ƙarshen wata, su muke tsine wa.

Ba mu ce kowa a kasuwar waliyyi ba ne. Lalle akwai mai kulle sito yana jiran talaka ya galabaita, kuma shari'a ta yi hani da wannan tun kafin a haifi kakanninmu. Amma dilan Singa, komai girman rumbunsa, direban tsere ne: abin da aka zuba masa da shi yake gudu. Ɗauki sukari. Kusan duk wanda ake sha a ƙasar nan ɗanyensa daga waje yake zuwa, galibi daga Barazil, kuma kamfanoni uku ne ke riƙe da tace shi: Dangote, BUA da Flour Mills. Gwamnati ce ke yanka wa kowanne adadin da zai shigo da shi, a ƙarƙashin tsarin bunƙasa sukari da aka amince da shi a 2012. A farkon 2021 saɓani ya ɓarke tsakaninsu a kan matatar BUA ta Fatakwal, takardu suka kai teburin ministan ciniki, har sai da Gwamna Ganduje da Alhaji Aminu Ɗantata suka zaunar da manyan attajiran biyu, 'yan Kano duka, a watan Afrilu. Ba mu ɗora wa kowa laifi a nan ba, balle mu kira wani Axlerod. Abin lura shi ne, ranar da aka yi maganar makomar shayin buɗa-bakin miliyoyin mutane, ba a rumfar Singa aka yi ta ba.

Neman mugu a bakin sito tsohuwar al'ada ce gare mu. A 1977 gwamnatin soja ta kafa dokar ƙayyade farashi. A 1984 sojojin Janar Buhari suka riƙa fasa sitoci suna sayar da kaya a farashin gwamnati, jama'a na layi suna tafi. Kaya suka ƙara ɓacewa, suka koma bayan fage da tsada, domin ciwon yana can sama, wajen kuɗin waje da suka ƙare da lasisin shigo da kaya da aka riƙa raba wa 'yan gaban goshi a jamhuriya ta biyu. Haka kuma a watan Fabrairun 2024 hukumar karɓar koke-koke ta Jihar Kano, a ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado, ta rufe wasu rumbuna a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. An yi murna. Amma shekarar ba ta ƙare ba sai da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Dalili a fili yake: an janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, aka saki naira a watan Yuni, dalar da take wajen naira 460 ta haura 1,500. Babu kwaɗon da zai kulle wannan.

A nan ne fim ɗin ya yi mana gaskiya, a nan ne kuma ya yaudare mu. Gaskiyarsa ita ce wanda ya tona asirin. Jami'an leƙen asiri da na'urorinsu sun yi ta bin yaran, sai wata tsohuwar janwe mai tsatsa, Mater, wadda kowa ke wa dariya, ta tuna cewa man da aka ce ita ta zubar a gaban jama'a a Tokyo ba nata ba ne, kuma mota mai lantarki ba ta yoyon baƙin mai. Ta buɗe bonet ɗin attajirin a gaban Sarauniya, sai ga tsohon injin fetur. (Mu lura kuma da sojojin hayarsa: akwalolin motoci ne da duniya ta raina, ya sayi ɓacin ransu da araha. Wanda ya ga yadda ake ɗibar matasa lokacin zaɓe ba ya bukatar ƙarin bayani.) Yaudarar kuwa ita ce, da aka kama mutum ɗaya sai komai ya daidaita, aka koma gida ana kiɗa. A wurinmu ko an kama goma, tsarin da ya haife su yana nan, gobe zai haifi wasu.

Saboda haka muke juyowa ga kanmu, musamman 'yan'uwanmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati. Bonet ɗin da ake bukatar buɗewa fayil ne, kuma ta hannunku yake bi. Wa aka ba izinin shigo da kaya, tan nawa, a kan wane sharaɗi, ya cika ko bai cika ba? Wa aka yafe wa kuɗin fito? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon tambaya, dokar gasa da kare mai saye ta 2018 kuma ta haramta haɗa baki a kan farashi, ta kafa hukumar da za ta bi sawu. Muna kira ga ƙungiyarmu, kafin azumi mai zuwa, ta aika wa ma'aikatar ciniki da hukumar sukari takarda a rubuce tana neman waɗannan alƙaluma, ta kuma tura 'yan sashen tattalin arziki Singa su rubuta farashin da dila ya sayo da wanda ya sayar, mako-mako. Abin da aka samo, da ma shirun da aka yi mana in an yi, a buga shi a wannan shafi.